Darasin Zama Ɗan Ƙasa a Makarantun Gwamnati na Amurka: Abin da Dokokin Jihohi Suka Tanada

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta da hurumin gaya wa makaranta abin da za ta koyar. Kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda aka rubuta a 1787, bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya, kuma gyara na goma da aka yi masa a 1791 ya ce duk ikon da ba a danƙa wa tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Saboda haka darasin zama ɗan ƙasa, wato koya wa yaro yadda ake tafiyar da gwamnati da haƙƙoƙinsa da nauyin da ke wuyansa, yana ƙarƙashin dokokin jihohi 50 da na birnin Washington, kowa da nasa. A ƙarƙashin jihohin kuma akwai gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumar da ke tafiyar da ita, mafi yawansu mutanen yankin ne ke zaɓar mambobinta. Yaron da ya gama sakandare a Virginia ya shafe shekara guda cur yana karatun tsarin gwamnati, amma takwaransa a wata jihar zai iya karɓar takardar kammalawa ba tare da ya taɓa zama ajin da aka keɓe wa wannan darasi ba. Wannan ya sha bamban da Nijeriya, inda hukuma ɗaya ta tarayya ke tsara manhaja ga ƙasar baki ɗaya.

Dokar da ta kafa Ma'aikatar Ilimi ta tarayya a 1979 ta hana ma'aikatar tsoma baki a manhaja, babbar dokar ilimi ta 2015 kuma ta sake jaddada haka. Kuɗin da tarayya ke bayarwa bai wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari na abin da ake kashewa a makarantun gwamnati ba, sauran daga jihohi yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye da ƙananan hukumomi ke karɓa. Sharaɗi guda da tarayya ta gindaya kai tsaye kan wannan darasi shi ne na 2004, lokacin da Sanata Robert Byrd na West Virginia ya saka wani sashe a dokar kasafin kuɗi da ya wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya ta shirya wani abu kan kundin tsarin mulki a ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara, ranar da aka sa masa hannu. Dokar ba ta faɗi abin da za a yi ba, ba ta ware ko sisi ba, ba ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi ba.

Asalin darasin da yadda ya ja baya

Waɗanda suka assasa makarantun gwamnati a Amurka sun kafa hujja ne da buƙatar jamhuriya ga mutanen da suka san abin da suke zaɓa. Thomas Jefferson ya gabatar da ƙudurin yaɗa ilimi ga majalisar Virginia a 1779 da wannan dalili, bai samu shiga ba. Horace Mann, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta Massachusetts a 1837, ya yi ta yekuwar makarantar da ɗan mai kuɗi da ɗan talaka za su zauna a benci ɗaya su koyi ka'idojin mulkin ƙasarsu, amma ya gargaɗi malamai su kauce wa batutuwan da jam'iyyu ke rigima a kansu. Wannan gargaɗi na Mann har gobe shi ne bakin taƙaddamar.

A 1916 wani kwamiti na ƙungiyar malamai ta ƙasa ya fitar da rahoton da ya shata fasalin darasin na kusan shekara hamsin. Ya ba da shawarar a koyar da sanin al'umma da hidimominta a aji 9, a kuma koyar da matsalolin dimokuraɗiyya a aji 12, inda ɗalibai ke tattauna al'amuran yau da kullum. Zamani ne na kwararowar baƙi daga kudanci da gabashin Turai, jihohi kuma suna ɗokin mayar da 'ya'yansu Amurkawa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta matsa wa majalisun jihohi lamba, da yawansu suka yi dokar tilasta koyar da kundin tsarin mulki. Wasu daga cikin dokokin da ake aiki da su yau tun na wancan lokaci ne. Kotun Ƙoli ta sa wa wannan zumuɗi iyaka a 1943, a wata shari'a daga West Virginia, inda ta ce ba za a tilasta wa yaro sara wa tuta ko karanta mubaya'a gare ta ba.

Har zuwa shekarun 1960 ba abin mamaki ba ne ɗalibin sakandare ya ɗauki darussa uku a wannan fanni. Daga nan abin ya fara zaizayewa. Gasar kimiyya da Tarayyar Sobiyet ta karkatar da hankali da kuɗi ga lissafi da kimiyya, rigingimun yaƙin Vietnam da na 'yancin baƙaƙen fata kuma suka sa shugabannin makarantu ɗari-ɗari da duk ajin da ake muhawarar siyasa a cikinsa. Abin da ya rage a mafi yawan wurare shi ne darasi guda na tsarin gwamnati a shekarar ƙarshe.

Babban koma-bayan ya zo ne da dokar ilimi ta tarayya da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002. Dokar ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, ta kuma ɗaura makomar makaranta a kan sakamakon. Shugaban makarantar da ya san za a iya sauke shi saboda makin lissafi, ba kuma wanda zai tambaye shi ko yaransa sun san aikin majalisa, ya san inda zai zuba awanninsa. Wani bincike na 2007 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na gundumomin makarantu sun rage lokacin darussan zamantakewa a firamare, da abin da ya haura awa guda a mako.

Alƙaluman da ake yawan kafa hujja da su biyu ne. Jarrabawar auna ilimi ta ƙasa, wadda ake yi wa samfurin ɗalibai ba don ba su maki ba, ta nuna a 2022 cewa kashi 22 cikin ɗari kacal na 'yan aji 8 ne suka kai matakin ƙwarewa a wannan darasi, kuma karo na farko ke nan da matsakaicin makin ya sauka tun da aka fara wannan tsarin jarrabawar a 1998. Na biyun shi ne binciken shekara-shekara na cibiyar Annenberg ta Jami'ar Pennsylvania, wanda a 2016 ya samu kashi 26 cikin ɗari na manya ne kaɗai suka iya lissafo rassan gwamnati uku. Wannan adadi ya tashi sosai a shekarun da suka biyo baya, lokacin da tsige shugaba da naɗin alƙalai suka mamaye labarai, abin da ke nuna cewa ba a aji kaɗai ake koyon lamarin ba.

Sharaɗin zama a aji

Makarantar gwamnati a Amurka tana da aji 12 bayan shekarar share fage. A mafi yawan wurare aji 6 zuwa 8 su ne ƙaramar sakandare, aji 9 zuwa 12 babbar sakandare, shekarar karatu kuma an raba ta zango biyu. Mafi tsufa kuma mafi yaɗuwa cikin sharuɗɗan jihohi shi ne ɗalibi ya ci darasin tsarin gwamnati kafin a ba shi takardar kammalawa. Wani bita da cibiyar Center for American Progress ta yi a 2018 ya samu jihohi tara da birnin Washington suna buƙatar shekara guda, kimanin 30 suna buƙatar zango ɗaya, kimanin goma kuma ba su da wani sharaɗi. Kalifoniya da Texas da New York, manyan jihohi masu miliyoyin ɗalibai, duk zango ɗaya ne, galibi a haɗe da zangon tattalin arziki a shekarar ƙarshe. Adadin jihohin da ba su da sharaɗi ya ragu tun daga nan. Oregon, alal misali, ta yi doka a 2021 da ta fara aiki kan 'yan ajin da ke gamawa a 2026.

Zango ɗaya kusan mako 18 ne. A cikinsa ake so malami ya bi kundin tsarin mulki, da rassan gwamnati uku, da dangantakar tarayya da jihohi, da jam'iyyu da zaɓe, da manyan hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, da gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma. Ajiye darasin a aji 12 yana da hikima, domin tun 1971 ɗan shekara 18 yana da ƙuri'a, amma yana da illa: yaron da ya bar makaranta a aji 10 ko 11 bai taɓa ganin sa ba, kuma irin waɗannan yaran sun fi yawa a gidajen marasa hali.

Baya ga awanni, kowace jiha tana da takardar da ta zayyana abin da ya kamata ɗalibi ya sani a kowane aji. Ingancinsu ba ɗaya ba ne. Cibiyar Fordham ta duba su duka a 2021, ta ba Alabama da Kalifoniya da Massachusetts da Tennessee da birnin Washington matsayi mafi kyau, ta ce na jihohi 20 ba su isa ba. Jerin biyar ɗin ya haɗa jihohin da jam'iyyar Republican ke da rinjaye da waɗanda Democrat ke da rinjaye, wato rubuta manhaja mai kyau ba gadon wata jam'iyya ba ne.

Sharaɗin jarrabawa

Babu sharaɗin da ya bazu da sauri kamar na jarrabawar neman zama ɗan ƙasa. Baƙon da ke son zama Ba'amurke yana zama gaban jami'in shige da fice a yi masa tambayoyi da baki. A tsohon tsarin da aka fara aiki da shi a 2008 tambayoyin 100 ne, an wallafa su tare da amsoshinsu, jami'in ya zaɓi goma, mai nema ya ci shida. Wata cibiya a Arizona mai ɗauke da sunan Joe Foss, matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu wanda ya yi gwamnan South Dakota, ta fito da hujja mai sauƙin shiga kunne: abin da ake nema daga baƙo, ai ɗan gida ya fi cancanta ya san shi. A ranar 15 ga Janairun 2015 majalisar Arizona ta amince da ƙudurin, Gwamna Doug Ducey ya sa hannu a ranar, aka ce daga 'yan ajin 2017 sai wanda ya ci 60 cikin 100 zai karɓi takarda. North Dakota ta bi sahu a watan, sai Utah da Idaho da Wisconsin da Tennessee da wasu. Burin cibiyar shi ne jihohi 50 kafin 17 ga Satumban 2017. Ba ta kai ba, amma sama da jihohi 15 sun ɗauki wani nau'i na tsarin, Arizona kuma ta ɗaga makin cin zuwa 70 a 2022.

Duba tambayoyin yana bayyana ƙarfin jarrabawar da rauninta. Ana tambayar wace doka ce ta fi kowace a ƙasar, sanatoci nawa ne, shekara nawa sanata ke yi, wa ke zama shugaba idan shugaba da mataimakinsa duka suka kasa, wane teku ne a gaɓar yamma, me ya sa tutar ke da taurari 50. Duk abubuwa ne da ya kamata a sani, kuma duk ana iya haddace su a 'yan kwanaki. Babu tambayar da ke neman ɗalibi ya auna hujjoji biyu, ko ya bambance labarin gaskiya da na ƙanzon kurege, ko ya san ofishin da zai nufa idan bututun ruwan unguwarsu ya fashe. A makarantu kuma galibi ana mayar da ita ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu, ana barin ɗalibi ya maimaita har sai ya ci, wasu jihohin ma zaman jarrabawar kawai suke nema ba cin ta ba. Sirrin farin jininta a majalisu shi ne arha: ba sabon malami, ba sabon littafi, ba ƙarin awa, ga shi kuma ɗan majalisa zai koma mazaɓarsa ya ce ya yi wani abu.

Jilli Jung da Maithreyi Gopalan na Jami'ar Jihar Pennsylvania sun kwatanta fitowar matasa zaɓe a jihohin da suka ɗauki wannan tsari da waɗanda ba su ɗauka ba, suka wallafa a 2023 cewa ba su ga wani tasiri ba. Wannan bai nufin jarrabawa ba ta da amfani kwata-kwata. David Campbell da Richard Niemi sun nuna a 2016 cewa inda jarrabawar jiha ke da nauyi a kan makomar ɗalibi, sanin siyasa yana ƙaruwa, musamman tsakanin 'yan asalin Latin Amurka da 'ya'yan baƙi, waɗanda ba lallai su ji irin wannan hira a gida ba. Abin dubawa shi ne irin jarrabawar da kuma abin da aka koyar kafin ta.

Florida ce misalin jarrabawa mai haƙora. Dokarta ta 2010 tana ɗauke da sunan Sandra Day O'Connor, mace ta farko da ta zama alƙaliyar Kotun Ƙoli a 1981, wadda bayan ta yi ritaya a 2006 ta duƙufa kan wannan fanni har ta kafa iCivics, mai samar da wasannin kwamfuta da darussa kyauta ga malamai. Dokar ta wajabta darasin a ƙaramar sakandare, galibi a aji 7, da jarrabawar jiha a ƙarshensa wadda ke ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na makin ɗalibi, kuma sakamakon yana shiga cikin ma'aunin da ake yanke wa makarantar kanta daraja. Wannan na ƙarshen shi ne ya tashi shugabannin makarantu tsaye. Jihar ta kuma ba jami'o'inta kuɗi su shirya kayan koyarwa da horar da malamai. A 2014 kashi 61 cikin ɗari ne suka ci, cikin 'yan shekaru adadin ya kai kimanin 70.

Sharaɗin aiki a aikace

Rukuni na uku na dokokin ya tsaya ne kan cewa zama ɗan ƙasa sana'a ce da ake koya da yi. Tushensa rahoton 2003 ne da gidauniyar Carnegie da cibiyar CIRCLE suka fitar, wanda ya lissafo hanyoyi shida da bincike ya nuna suna aiki, daga cikinsu tattauna batutuwan da ake jayayya a kai, da hidimar al'umma mai alaƙa da darasi, da kwaikwayon zaɓe ko shari'a ko zaman majalisa, da ba ɗalibai murya a tafiyar da makaranta. Maryland ta riga kowa, domin tun 1992 ta sa awa 75 na hidimar al'umma cikin sharuɗɗan kammalawa. Birnin Washington ma ya gindaya irin wannan sharaɗi. Tennessee a 2012 ta ce a auna ɗalibi ta hanyar aikin da ya gudanar, sau ɗaya tsakanin aji 4 da 8, sau ɗaya kuma a babbar sakandare.

Dokar Illinois ta 2015, wadda gwamnan Republican Bruce Rauner ya sa wa hannu, ta shigar da hanyoyin nan cikin matanin doka: zango ɗaya a babbar sakandare wanda dole ya ƙunshi hukumomin gwamnati, da tattauna batutuwan yau masu jawo kace-nace, da hidimar al'umma, da kwaikwayon hanyoyin dimokuraɗiyya. Majalisar ba ta ware kuɗin aiwatarwa ba. Gidauniyar McCormick ta Chicago da wasu masu ba da tallafi ne suka ɗauki nauyin horar da malamai na shekara uku, suka baza ƙwararrun malamai su zama jagorori a yankunan jihar. A 2019 aka faɗaɗa dokar zuwa ƙaramar sakandare.

Massachusetts ta fi kowa nisa. Dokarta ta Nuwamban 2018, da sa hannun Gwamna Charlie Baker, ta wajabta wa makarantu su ba kowane ɗalibi damar gudanar da aiki guda a aji 8 da wani a babbar sakandare, wanda ɗaliban ne za su jagoranta kuma ba ya goyon bayan wata jam'iyya. Yadda aikin ke tafiya shi ne 'yan aji su zaɓi wata matsala, a ce rashin wurin tsallaka titi a gaban makaranta ko jadawalin motar haya da bai dace da lokacin tashi ba, su binciko musabbabinta, su gano wane jami'i ko wace hukuma ke da ikon gyara ta, su tattara hujja, su rubuta takarda ko su je zaman majalisar gari su yi bayani, sannan su zauna su duba abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Ba a ba da maki don an ci nasara, ana bayarwa ne don an bi hanyar. Dokar ta kafa asusu na musamman don taimaka wa gundumomi marasa ƙarfi, jihar ta kuma mayar da aji 8 shekara guda ta wannan darasi.

Abin da wata jiha ta wajabta, wata ta haramta. A 2021 Texas ta yi dokoki biyu a jere, da sa hannun Gwamna Greg Abbott, waɗanda suka hana malami ba da maki kan fafutikar siyasa ko kamun ƙafa wajen jami'an gwamnati don su ɗauki wani mataki, suka kuma ce ba za a tilasta wa malami tattauna batun da ake jayayya a kai ba, idan kuma ya zaɓi yi to ya yi ba tare da karkata ba. A shekarar ce Gwamna Ron DeSantis na Florida ya ƙi sa hannu a wani ƙuduri na aikin ɗalibai da majalisar jiharsa ta amince da shi ba hamayya. Hujjar masu adawa ita ce yaro ɗan shekara 13 bai san tsarin ba tukuna balle ya nemi sauya shi, kuma malami mai ra'ayi zai iya mayar da ajinsa dandalin jam'iyya da kuɗin masu biyan haraji. Masu goyon baya suna amsawa da cewa rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa haƙƙi ne da gyara na farko na kundin tsarin mulki ya kare, kuma hana koyar da shi kamar koyar da iyo ne a kan tudu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai dokar Texas ta yi faɗi, domin ta shafi har aikin da bai da ƙamshin jam'iyya ko kaɗan.

Florida ta bi tata hanyar ta ƙara nauyin abin da ake koyarwa. Ta sake rubuta manhajarta da ƙarfafa kishin ƙasa da takardun kafa jamhuriya, ta kawo jarrabawa ga 'yan babbar sakandare, ta ware dala 3,000 ga malamin da ya kammala horon jihar, a 2022 kuma ta sa ranar 7 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da waɗanda mulkin kwaminisanci ya cutar, da aƙalla minti 45 na koyarwa a kai. Rigimar ta haɗe da wadda ake yi kan yadda za a koyar da tarihin bauta da wariyar launin fata, ta kuma shafi har malaman da dokar jiharsu ba ta hana su komai ba. Binciken cibiyar RAND na 2023 ya samu kusan kashi biyu cikin uku na malaman makarantun gwamnati sun rage tattauna batutuwan siyasa da zamantakewa a aji bisa raɗin kansu, don gudun fushin iyaye ko rashin samun goyon bayan shugabanninsu.

Kuɗi, gibi da kotu

Doka a takarda ba ta koyar da kowa sai an samu malamin da ya san fannin da lokacin da zai yi aikin. Masu fafutikar darasin sun daɗe suna cewa tarayya na kashe kimanin dala 50 kan kowane ɗalibi a fannin kimiyya da lissafi, amma santi biyar kacal a nasu. Kasafin 2023 ya ɗaga kuɗin tarihi da zama ɗan ƙasa zuwa dala miliyan 23, wanda idan aka raba wa ɗalibai kusan miliyan 50 bai kai rabin dala ba. Ƙudurin da Sanata Chris Coons na Democrat da Sanata John Cornyn na Republican suka gabatar a 2021, mai neman dala biliyan ɗaya a shekara, ya maƙale bayan masu ra'ayin riƙau sun ce ƙofa ce ta baya da tarayya za ta bi ta mallake manhaja.

Tun da kuɗin makaranta ya dogara sosai da harajin gidajen yankin, gibin yana bin arziki. Joseph Kahne da Ellen Middaugh sun nuna a 2008 cewa ɗaliban gidajen masu hali da waɗanda ke shirin shiga jami'a sun fi samun muhawara da kwaikwayon shari'a da hidimar al'umma, 'ya'yan talakawa kuma an fi barin su da cike gurbi a takarda. Lambobin yabo da Kalifoniya da New York da wasu jihohi suka fara manna wa takardar kammalawa ta ɗalibin da ya yi fice a wannan fanni ba su magance wannan ba, tun da na ganin dama ne kuma makarantun da ke da hali ne suka fi shiga.

A 2018 wasu ɗalibai da iyayensu a Rhode Island suka kai jiharsu kotun tarayya, suna cewa rashin koya musu abin da za su iya zaɓe da shi ko zaman taimaka wa alƙali yanke hukunci ya tauye haƙƙinsu a ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Lokacin jihar ba ta wajabta darasin ba. Gabansu akwai hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 a wata shari'a daga San Antonio ta Texas, wanda ya ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya lamunce. Alƙali William Smith ya kori ƙarar a Oktoban 2020, duk da ya yaba wa ɗaliban ya kuma yarda cewa dimokuraɗiyyar ƙasar na cikin haɗari. Ya ce maganin yana hannun majalisa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a farkon 2022, daga baya a shekarar aka yi sulhu, jihar ta kafa kwamitin inganta darasin. Kafin nan majalisar jihar ta riga ta yi doka a 2021 da ta wajabta nuna ƙwarewa a fannin da kuma aiki guda da ɗalibai ke jagoranta.

Sababbin dokokin sun fi karkata ga fara darasin da wuri. Indiana ta amince a 2021 da zango ɗaya a ƙaramar sakandare, wanda ya fara aiki a shekarar karatu ta 2023. New Jersey ta wajabta shi a ƙaramar sakandare a wannan shekara ta 2021, ta kuma sa wa dokar sunan Laura Wooten, wadda ta shafe shekara 79 tana aikin rumfar zaɓe a jihar kafin rasuwarta a 2019. New Hampshire ta haɗa hanyoyi biyu: ta nemi kashi 70 cikin ɗari a sabon tsarin jarrabawar neman zama ɗan ƙasa mai tambaya 128, ta ɗora wannan sharaɗi har kan ɗaliban jami'o'in gwamnati, sannan a 2023 ta wajabta keɓe lokaci ga darasin tun daga firamare, matakin da mafi yawan jihohi har yanzu suka bar wa gunduma da malamin aji su ga abin da ya sawwaƙa.